Taron da Aka Yi a Kan Gwaggo

Gwaggo ta rasu da hantsi, a lokacin da gero ya fara fitar da kai a gonakin Damargu. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, wannan ban taɓa ja da shi ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganganun da na ji a zaman makokinta.

Shekarar korona ce, an hana taruwa, amma mutanen Tanut ba su ji ba. Tsakar gidanta ya cika har bakin ƙofa. Wasu sun zo da takunkumi a ƙarƙashin haɓa, wasu ko shi babu. Matan makiyayan Tenhya da ke kawo mata cuku sun iso washegari a bayan mota, ƙafafunsu duk laka. Wata tsohuwar Buzuwa a cikinsu ta ƙi shiga cikin mata, ta zauna a bakin ɗakin Gwaggo ta jingina kanta da ƙyaure. An kai mata fura ta ture. Da na durƙusa gaishe ta, sai ta kama hannuna ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yanzu wa zai ce mani na yi ƙarya?" Ta faɗi haka tana kuka, kamar an raba ta da wata dukiya.

Maza kuwa a waje, a kan tabarmi, abin da suke ta maimaita wa Baba shi ne, "Ai ta huta." Baba yana amsawa da kai. Can sai na jiyo wani maƙwabcinmu, ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, yana yi wa na kusa da shi bayani da murya ta wanda ya san duniya. "Ai an yi mata ƙoƙari," in ji shi. "Har manyan likitocin Yamai sun duba ta ta cikin na'ura. Da can ina za ka samu haka a Damargu? Zamani ya zo." Aka yi ta cewa haka ne, haka ne.

Ina riƙe da buta a lokacin. Na ajiye ta a hankali na koma cikin gida, don in na buɗe baki a gaban maza za a ce 'yar da Gwaggo ta rena ba ta da kunya. Ni ce kaɗai a danginmu da ke cikin ɗakin ranar da aka yi wannan dubawar. Zan faɗi yadda ta kasance, amma sai na fara faɗin wace ce aka duba.

Yayar babana ce. Ba ta da ɗa a raye, shi ya sa da aka yaye ni Baba ya kai ni gidanta. A kasuwar Tanut take zama, tana sayar da cuku da man shanu. Doguwa ce, ba ta da jiki, kuma ba ta iya magana da mutum tana kallon wani wuri ba. In ka zo da magana kana tsaye, cewa za ta yi, "Zauna in gan ka." In ka fara kewaye-kewaye, ta katse ka: "Ka fara daga ƙarshe." Mutane da yawa suna tsoron bakinta, kuma su ɗin ne ke sallama a gidanta in aure ya rikice ko an yi faɗa a kan iyakar gona.

Abin da ta tsana a duniya shi ne aike. Ba ta karɓar magana mai nauyi daga bakin ɗan saƙo. Shekarar da Baba ya yanke shawarar komawa Belbeji da zama, kunyar fuskantarta ta sa ya turo abokinsa ya sanar da ita. Ta saurari mutumin har ya gama, ta ba shi ruwa ya sha, sannan ta ce, "Wanda ya aiko ka, ƙafarsa ce ta karye?" Daga ranar ta daina ambaton Baba. Ya aiko da gero ta mayar. Ya aiko da gaisuwar salla ta ce ba ta ji ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, sai ga shi ya zo da kansa ya tsuguna a tsakar gida kamar yaro. Ta dube shi ta ce, "To, yanzu gaya mani." Ya gaya mata abin da ta riga ta sani. Ta ce Allah ya sa alheri, ta tashi ta dama masa fura da hannunta. Shi ke nan faɗan ya ƙare.

Shekarar da fari ya kashe dabbobi a arewa, matan makiyayan da suka saba kawo mata kaya sun zo hannu wofi. Ba ta tambaye su ina cuku ba. Ta buɗe musu ɗakin ajiya, ta fitar da buhunanta waje, suka zauna da 'ya'yansu har ruwa ya sauka. Ni da nake yarinya na yi ta gunaguni saboda an cika mana gida. Ta ce da ni, "Tuwon da kike ci tun da aka yaye ki, daga nonon shanunsu ya fito. Matsa ki ba su wuri."

Ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, ta kuma tsaya har na zama malamar makaranta. Baba ya taɓa gaya mani cewa ita ma ta yi lakwal tana ƙarama, tana cikin 'yan matan farko da aka ɗauka a garin, kuma babu mai kama ta a aji. Da mahaifiyarsu ta rasu aka cire ta don ta reni ƙannenta. Ban taɓa jin kalmar Faransanci ko ɗaya daga bakinta ba. In ina karatu da ƙarfi bayan la'asar takan zauna kusa tana tsince wake, wani lokaci ta ce, "Sake karanta wurin nan," ba tare da ta ɗago kai ba. Na ɗauka muryata take son ji.

A lokacin sanyi ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma tsaya jiƙe-jiƙe ba. A makon da ta ji shi ta kira ni daga Belbeji, inda nake koyarwa, ta ɗora hannuna a wurin. Bai fi ƙwallon dabino ba. Majo, babban malamin asibitin garinmu, ya taɓa, fuskarsa ta canja, ya tura mu wani asibiti a Damagaram. A can muka samu wani likita matashi, mai haƙuri, wanda tun ranar farko yake ce mata Inna. Ya yanki ɗan nama ya aika Yamai a gwada. Ya yi mana bayani cewa ciwon daji ba likita ɗaya ke yanke hukunci a kansa ba. Akwai taron da likitoci ke yi, mai fiɗa da mai magani da mai karanta hoto, su zauna wuri ɗaya su duba takardun marar lafiya, in ta kama su kira shi su taɓa shi, sannan su ce ga abin da za a yi. Ya ce da zarar sakamako ya fito zai tura mu can.

Gwaggo ta ji daɗin wannan tsari. A mota ta ce da ni, "Mutanen nan suna da hankali. Magana mai nauyi, a zauna a ga juna."

Sakamakon ya fito, ya tabbatar da abin da ake tsoro. Muna shirin tafiya sai korona ta shigo, aka rufe hanyar Yamai, ba shiga ba fita. Likitan ya ce an dakatar da taron, mu jira. Na tambaye shi ko ba zai iya cire nonon a nan ba. Ya ce ba ya son ya yanka ba tare da sanin ko sai an fara ba ta magani ba, kuma maganin a can yake. Muka koma Tanut muka jira. Zafi ya shigo. Ƙullutun ya zama kamar ƙwan kaza, ya yi tauri, fatar wurin ta fara tattarewa.

Sai ya kira ni da murna a muryarsa, ya ce an samu mafita: likitocin za su riƙa taron ta intanet, kowa daga inda yake, kuma zai gabatar da Gwaggo da kansa. Na yi hamdala. Makon farko layi ya yi tsawo, marasa lafiya sun taru tun lokacin da aka dakatar, ba a iso kanta ba. Na gaba wuta ta ɗauke a Damagaram. Wani makon an iso kanta, amma hoton da ya aika ya ƙi buɗewa a wajensu, suka ce a sake. Wani makon kuma mai fiɗar ne bai shigo ba, an ce shi ma ya kamu. Kullum in na ajiye waya Gwaggo takan dube ni ta ce, "Fara daga ƙarshe." In ce, "Sai wani makon." Ta ce, "To." Azumi ya zo ya wuce a haka. Wurin ya fashe, ya fara ruwa, bayanta ya fara ciwon da ke hana ta zama a kasuwa.

Daga baya suka ce suna son su ga wurin da idonsu, a kawo ta gaban na'urar. Muka hau mota zuwa Damagaram, tana cije leɓe a kowane rami.

Ofishin likitan ƙarami ne. Ya ajiye ordinater, wato kwamfuta, a kan tebur, ya jawo mata kujera. A jikin gilashin akwai fuskoki cikin ƙananan akwatuna. Wani yana ofis da takunkumi, wata da alama a gidanta take don ana jin kukan jariri, wani akwatin baƙi ne ƙirin, suna kawai aka rubuta. Gwaggo ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, su ne waɗannan?"

"Su ne, Inna."

"Suna ganina?"

"Suna ganinki."

Ta gyara zama, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya da iyali. Matar mai jariri ta ɗaga mata hannu. Sauran suna kallon ƙasa, ina jin takardu suke karantawa. Likitan ya ce, cikin jin nauyi, sai ta buɗe musu wurin. Ta dubi baƙin akwatin ta ce, "Wancan fa, namiji ne ko mace?" Ya ce namiji ne, babban likita ne. Ta zare mayafinta, ta sauke rigarta. Tsohuwar da ko ni ban taɓa ganin ta fito wanka ba lulluɓi ba, ta zauna tsirara zuwa ƙugu a gaban mutumin da ba ta ga fuskarsa ba. Aka ce a matso da ita. Aka ce hoton ya tsaya, ta dakata. Aka ce ta ɗaga hannu. Ta yi duk abin da aka ce.

A waje injin wuta yana ta ruri, sai wani daga cikinsu ya ce ƙarar tana damunsu, likitanmu ya rufe maganar ɓangarenmu. Ya danna. Suka fara tattaunawa da Faransanci, mu muna jinsu, su ba sa jinmu. Ina tsaye a bayanta ina mayar mata da riga, ina godiya a raina cewa ba ta fahimtar abin da ake faɗi. Suka ce ya kai ƙashi. Suka ce fiɗa ba ta da amfani yanzu, a ba ta maganin rage zafi. Ba da mugunta suke magana ba, muryoyinsu na gajiyayyu ne. Sai muryar da ke cikin baƙin akwatin ta ce, kamar mai maimaita abin da ya faɗa sau dubu, matsalar matan ƙauye ke nan, kullum sai sun makara suke zuwa.

Na ji kafaɗar Gwaggo ta motsa a ƙarƙashin hannuna. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta buɗe baki da Faransanci, irin na 'yan lakwal na da, kowace kalma a tsaye. Ta ce, "Ban makara ba, yallaɓai. Na zo tun lokacin sanyi, yana ƙarami. Ku ne ba ku nan."

Ni da likitan muka daskare. A cikin gilashin ba wanda ya ɗago. Maganarmu a rufe take. Likitan ya yi wuf zai buɗe, ya danna wani wuri daban, ya sake dannawa. Kafin ya samu sun riga sun kira sunan likitan wani gari. Ya ce, "Ku yi haƙuri, marar lafiyar tana son ta yi magana." Matar mai jariri ta ce tana saurare. Gwaggo ta ja numfashi za ta sake, sai fuskokin suka tsaya cak, bakin matar a buɗe. Rezo, wato layin intanet, ya tafi. Da ya dawo suna tsakiyar maganar wani mutum mai ciwon hanta.

Likitan ya rufe na'urar, ya kifa kansa a kan tebur. Gwaggo ta ɗaura mayafinta, ta miƙe da ƙyar, ta dafa kansa. "Ɗana, ba kai ba ne," in ji ta da Hausa. "Kai na gan ka."

A hanyar komawa ba ta yi zancen Faransancin ba, ni ma ban iya tambaya ba, kuma ban sake jin ta yi shi ba har ta bar duniya. Abu ɗaya ta ce da ni, mun kusa shiga Tanut: "Kada ki gaya wa ƙanena a waya. Ki ce ya zo. Ni zan gaya masa." Ya zo. Ta zaunar da shi a gabanta ta gaya masa duka, ba ta rage komai ba. Ya yi kuka, ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya je ya duba mata rufin ɗaki kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Na yi zaton za ta kwanta ta jira. Sai ta tsiro da wani abu da ya ba unguwa kunya. Duk macen da ta shigo gaishe ta, sai ta ce a sakaya ƙofa, ta buɗe mata ciwon ta gani, da warinsa da komai. Ta ce, "Kin gani? Da kamar dabino yake. Taɓa naki yanzu ina kallo." Wasu suka daina zuwa. Wata ta ce ciwo ya taɓa wa tsohuwa hankali. Amma wata rana surukar maƙwabciyarmu, yarinya mai goyo, ta dawo ita kaɗai bayan kowa ya watse, ta tsuguna, ta ce akwai abin da take ji a nononta tun kafin ta haihu, ba ta gaya wa kowa ba. Gwaggo ta taɓa, ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta kira ni ta ce, "Ke za ki kai ta. Kuma in sun ce wani makon, kada ki ce to irin nawa."

Ba ta ga tafiyar ba. Ƙarshenta ya yi tsanani, maganin rage zafin ba kullum ake samunsa ba, kuma ba zan rubuta abin da na gani a ɗakin nan ba. Ta cika da kalmar shahada a bakinta, kanta a kan cinyar Baba.

Bayan an share makoki, muna zaune da Baba muna rarraba kayanta, wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga Yamai, mai ladabi. Ta ce an sake duba maganar Gwaggo a taro, tunda hanya ta buɗe an sama mata wuri, a kawo ta a fara ba ta magani ko zai ja mata kwana. Na miƙa wa Baba wayar. Ya saurara, ya ce Allah ya saka da alheri, ta riga mu gidan gaskiya. Matar ta yi ta'aziyya, na ji muryarta ta karye. Sai Baba ya ce, "'Yata, tunda wurin ya samu, akwai yarinya a maƙwabta mai irin ciwon, da jariri a bayanta. Ku ba ta." Matar ta ce ba ta da ikon haka, sai an gwada ta, an gabatar da ita a taro. Baba ya ce, "Yaushe ne taron?" Ta ce wani makon, in rezo ya yi kyau.

Na kai yarinyar Damagaram. Na zame wa likitan nan kaska, shi ma bai yi barci a kan maganarta ba. Zuwa lokacin taron nasu ya daidaita, sun koyi na'urar, layi ya ragu. An gabatar da ita ba a daɗe ba, aka tura ta Yamai, aka yi mata aiki, aka ba ta magani. Likitan ya ce da ni yanzu marasa lafiyar nesa sun fi samun shiga fiye da da, kuma na yarda da shi. An koyi abin, a kan Gwaggo da ire-irenta aka koya.

Ranar da yarinyar ta dawo, ta rame, ba gashi a kanta, amma da ƙafarta ta sauko daga mota. Unguwa ta ɗauki guɗa. Allah ya sani na yi murna, na rungume ta, na karɓi ɗanta na goya. Da hayaniya ta lafa sai na zame na shiga ɗakin Gwaggo, na zauna a ƙasa inda gadonta yake a da.

Malamai suna ce mani in yafe, kuma ina so. Na rasa wanda zan yafe wa. Likitanmu bai yi mana laifi ba, matar mai jariri ta so ta saurara, na cikin baƙin akwatin ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Ya Allah, kai da ba a rufe maka magana, ka ji abin da baiwarka ta faɗa ranar nan. Ka yalwata mata kabarinta, ka musanya mata zafin da ta sha da sanyin rahamarka, ka haɗa ta da mahaifiyar da ta rasa tana ƙarama. Ni kuma ka sassauta mani abin da ke ƙirjina, don har yau bai sauka ba.